Gasar Zurich: Me ya sa aka daina kafa tarihi a Letzigrund?

Tun daga shekara ta 2009 har zuwa gasar 2025, ba a sake kafa wani sabon tarihin duniya ba a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Weltklasse, wadda birnin Zurich na ƙasar Suwizalan ke shiryawa shekara-shekara.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga gasar da aka fara tun a 1928, wadda kuma ake wa kirari da Olamfik na dare ɗaya. A filin wasa na Letzigrund inda ake yin ta, an karya tarihin duniya fiye da sau 20.

A nan ne Armin Hary na Jamus ya zama mutum na farko da ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 10.0 a watan Yunin 1960. Alƙalai sun ƙi amincewa da gudunsa na farko, bisa zargin ya riga ƙarar bindiga tashi, sai ya sake gudun a ranar, ya kuma maimaita lokacin. A nan ne kuma Moses Kiptanui na Kenya ya fara gama gudun mita 3,000 na tsallake shinge da ruwa cikin ƙasa da minti 8, a 1995.

Daren 13 ga Agusta

Daren da aka fi tunawa shi ne na 13 ga watan Agustan 1997, lokacin da aka karya tarihi har uku cikin 'yan sa'o'i, kuma duka ukun haifaffun gabashin Afirka ne suka karya.

Wilson Kipketer, haifaffen Kenya da ke yi wa Denmark gudu, ya gama mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 41.24, ya kawar da tarihin da Sebastian Coe na Birtaniya ya kafa tun 1981. Takwaransa Wilson Boit Kipketer na Kenya ya yi gudun shinge da ruwa cikin minti 7 da daƙiƙa 59.08. Shi kuwa Haile Gebrselassie na Habasha ya kayar da Daniel Komen a mita 5,000, da minti 12 da daƙiƙa 41.86.

Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne, babu ɗaya daga cikin ukun da ya yi mako biyu a raye. Bayan kwana tara Komen ya rama, ya ƙwace tarihin mita 5,000 a Brussels. Ranar 24 ga wata kuma a birnin Kolon na Jamus, Kipketer ya karya nasa da kansa, Bernard Barmasai na Kenya ya karya na gudun shinge.

Hakan na nuna yadda kasuwar take a wancan zamani. Biranen Turai na gogayya da juna wajen sayen bajinta: a biya ɗan wasa kuɗin zuwa, a yi masa alƙawarin tukuici idan ya karya tarihi, sannan a ɗauko masu jan gudu, wato 'yan tseren da aikinsu kawai shi ne su shige gaba su tsayar da saurin da ake so, su kauce kafin a kai ƙarshe. Zurich, birnin bankuna, na daga cikin waɗanda suka fi kowa iya biya.

Wannan kasuwa ta zo da nata tabon. A 2002 Brahim Boulami na Maroko ya yi gudun shinge da ruwa a Zurich cikin minti 7 da daƙiƙa 53.17, jama'a suka yi ta tafi, amma gwajin da aka yi masa ya nuna ya yi amfani da sinadarin EPO mai ƙara kuzari. An soke tarihin, aka dakatar da shi shekara biyu.

Ta ƙarshe da ta kafa tarihi a Letzigrund ita ce Yelena Isinbayeva ta Rasha, wadda ta tsallake mita 5.06 a tsallen sanda ranar 28 ga Agustan 2009, kwana 11 kacal bayan da ta kasa tsallake ko sau ɗaya a wasan ƙarshe na gasar duniya a Berlin.

Agogo ko kambu

Ba wai an daina karya tarihi a duniya ba ne. Hasali ma tun daga 2020 abin ya yi yawa, musamman a dogon zango, sai dai a wasu wurare ake yi.

Joshua Cheptegei na Yuganda ya karya na mita 5,000 a Monako a watan Agustan 2020, da na mita 10,000 a Valencia ta Sifaniya a watan Oktoba. Faith Kipyegon ta Kenya ta karya tarihi uku a 2023, a Florence da Paris da Monako. Yanzu bayan masu jan gudu, akwai fitilu da ake jerawa a gefen layi, suna tafiya daidai da saurin tarihin da ake nema, ga kuma sabbin takalma da suka sa hukumar wasannin ta duniya ta ƙayyade kaurin tafinsu a 2020.

To me ya hana Zurich samun rabonta? Ana yawan cewa lokacin gasar ne, domin takan zo a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, bayan 'yan wasa sun gaji. Wannan hujja ba ta da ƙarfi sosai, domin daren 1997 ma ya zo ne kwana uku bayan rufe gasar duniya ta Athens.

Dalilin da ya fi kama hankali shi ne sauyin matsayin gasar. Tun da aka ƙirƙiro jerin gasannin Diamond League a 2010, Zurich ta zama wurin wasan ƙarshe, da farko tare da Brussels, daga baya ita kaɗai a 2021 da 2022 da 2025. A wasan ƙarshe kuwa, wanda ya riga kowa isa shi ke ɗaukar kofi da kuɗi, ko da rarrafe ya iso. Ɗan tseren da ya zuba ƙarfinsa tun daga farko don neman tarihi, na iya zama tsani ga wanda ke bin sa a baya.

Duk da haka ba doka ba ce. Da aka kai wasan ƙarshe birnin Eugene na Amurka a 2023, Gudaf Tsegay ta Habasha ta karya tarihin mita 5,000 na mata, Armand Duplantis na Sweden kuma ya karya na tsallen sanda. Don haka masu shirya gasar Zurich ba za su ɗora wa tsarin duka laifin ba.

Ga 'yan wasa da yawa kuma, kambun ya fi agogon amfani. A Zurich ne Tobi Amusan ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta lashe kofin Diamond League, a gudun mita 100 na tsallake shinge a 2021, ta kuma sake lashewa a nan a 2022. Amma tarihinta na duniya na daƙiƙa 12.12, a Eugene ta kafa shi, a gasar duniya ta Yulin 2022.

A 2025 matsalar ta zo ta wata fuska, domin an yi wasan ƙarshe na Zurich ne kimanin mako biyu kafin gasar duniya ta Tokyo, manyan 'yan wasa kuma na tattalin ƙarfinsu. Duplantis, wanda ya tsallake mita 6.29 a Budapest ranar 12 ga Agusta, ya lashe kofin Zurich da mita 6.00 kawai. Ranar 15 ga Satumba a Tokyo, ya tsallake mita 6.30.