Mugun da ya zo da jakar kuɗi

Har yanzu akwai malaman lakwal masu ƙwace littafin zane-zane daga hannun yaro, su ce ai shirme ne, babu komai ciki sai naushi da ihu. Da a ce miyagun cikinsa duka irin waziri Iznogoud ne, wanda tun 1962 yake ƙulla wa halifa makirci yana faɗawa ramin da ya gina, da an ba su gaskiya. Amma wanda ya yanke wannan hukunci bai karanta Astérix ba.

Ƙauyen Golawan nan ya gagari rundunar Kaisar saboda maganin ƙarfi da bokansu ke dafawa. Goscinny da Uderzo sun gane cewa abin da takobi ya kasa, harshe na iyawa. A cikin La Zizanie (1970), Détritus ya shiga ƙauyen ba makami, ya miƙa wa Astérix kyautar tulu mai daraja a matsayin wanda ya fi kowa girma a garin, alhali sarki na zaune. Shi ke nan: hassada ta kama wuta, har aka fara raɗe-raɗin an sayar wa Rumawa asirin maganin.

Duk da haka gwanin gwanaye shi ne Caius Saugrenus na Obélix et Compagnie (1976), saurayi masanin tattalin arziki wanda aka zana da kamannin Jacques Chirac. Shi ko ƙarya bai yi ba. Ya tarar da Obélix yana sassaƙa dogayen duwatsun da ba su da amfanin komai, ya saya, ya dawo ya ƙara farashi, ya sake ƙarawa. Obélix ya ɗauki ma'aikata, ya bar farauta, ya shiga sa tufafin alfarma. Maƙwabta suka ga ba za a bar su a baya ba. Kafin a ankara rabin gari na sassaƙar dutse, rabi na farauto musu aladen daji. Wa ke da sauran lokacin dukan Rumawa? Mutanen da ba su taɓa rusuna wa kowa ba suka wayi gari cinsu da shansu na hannun mai saye guda ɗaya. Wanda ya ga yadda Nijar ta ji jiki sa'ad da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980 ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Masu ƙwacen za su ce ai dabarar ta rushe. Ta rushe, amma ba ƙarfin Golawa ya rusa ta ba: duwatsu suka yi wa Rum yawa, wasu ƙasashe suka shigo da nasu, kuɗin Rum ya zube, Kaisar ya hana saye. Darasi ne na kasuwa cikin shafi 44, kuma yaron da aka ƙwace wa littafin ya kai tsakiyarsa ke nan aka tura shi haddar ma'anar hauhawar farashi.