Kada Ku Yaga Labarinku Na Farko

Ya kai ɗalibi, da ke ɗaliba, masu ɓoye labari a bayan littafin lissafi, don Allah kada ku yaga shi wai don bai yi daɗi ba. Ku adana, baɗi war haka ku ɗauko ku karanta. In kunya ta kama ku, to madalla, kun ci gaba ke nan. Wanda ya duba nasa na bara bai ga abin gyara ba, shi ne abin tausayi.

Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933. Bayan shekara uku ya zauna a Zariya wata shida yana aikin Magana Jari Ce. Ku karanta su a jere, za ku ga yadda hannunsa ya faɗa.

Abin da ke damuna shi ne, yaro bai taɓa wuce Wudil ba, amma labarinsa a Dubai yake farawa, da motocin da ko sunansu bai iya faɗa ba. Haba! Ga Gaya, garin da tarihi ya ce daga nan maƙera Abagayawa suka tashi neman tama har Dala. Ga cinikin awaki ran kasuwa a Ajingi, ga hirar kakarku. Wa zai rubuta mana su? Da ajami ko da boko, duk ɗaya.

Ku kuma iyaye, in kun tsinci irin wannan takarda a jakar yaro, kada a hura wuta da ita. Ku sa shi ya karanta muku bayan cin tuwo, ku nuna masa inda bai faɗi daidai ba.