Yaronmu Yana Gareji, To Ina Makarantarsa?



Shekara huɗu ke nan da na kai ɗan ƙanwata garejin wani bakanike a nan Ibadan. Yaro ya iya sauke inji ya mayar, amma ranar da aka kawo motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a gano ciwonta, shi da ogansa zuru suka yi. Ban ga laifin ogan ba. Abin da ya sani ya koyar, kuma yaro ba ya koyon komai a gareji sai aikin da Allah ya kawo ƙofar garejin.

A Jamus ba sa barin ɗan koyo a wuri guda. Kwana uku ko huɗu a mako yana wajen aiki, kwana ɗaya ko biyu yana makarantar sana'a ta gwamnati, ana koya masa lissafi da dalilin abin da hannunsa ke yi. Shekara 2 zuwa 3 da rabi ake ɗauka, da yarjejeniya a rubuce bisa dokarsu ta 1969, kuma maigida ne ke biyan yaron duk wata (mu nan iyaye ke biya, har da kuɗin firidom ranar yaye). Jarrabawar ƙarshe ma ba maigida ke yi ba, majalisar masu sana'a ce.

Amma ni wuri na uku ne ya tsaya mini a rai. Sun san ƙaramin shago ba zai iya sayen kowace na'ura ba, sai ƙungiyoyin masu sana'a suka buɗe cibiyoyin haɗin gwiwa, yaran shaguna daban-daban su je su yi 'yan makonni kan abin da babu a wajen ogansu.

Wannan kam bai fi ƙarfinmu ba. Kada a ce mini mu jira gwamnati. Hukumar ITF tun 1971 take nan, yaran Sabo nawa kuka sani da suka taɓa taka ƙofarta? Kullum muna karo-karo idan biki ko rasuwa ta taso. Shago ɗaya, na'urar gwajin mota ɗaya, kekunan ɗinki na lantarki, da malamin da zai riƙa zuwa ranar Asabar, nawa ne?

Na san ogogi za su ce rana guda babu yaro asara ce. Gaskiyarsu, dole a zauna da su tun farko. Ni dai zan kai maganar fadar Sarkin Hausawa bayan Juma'a. Mai son raka ni, mu haɗu a ƙofar masallaci.