La'adar dillali ta fi kuɗɗin shari'a araha



Duk lokacin da munka buɗe layi a kan maganar gida da fili, waya ba ta hutawa, kuma kukan kusan iri ɗaya ne. Wani ya sayi kango, ya kai bulo, sai ga wani da tashi takarda. Wata an saida gidan ubanta tana ɗakin miji, ba wanda ya tambaye ta. Wani yana Libiya ko Aljeriya yana aiko kuɗɗi, ya dawo anka nuna mishi filin da ruwa ke kwana a ciki. In ka bi diddigi, mafi yawan irin wanga ciniki an yi shi ne tsakanin mutum biyu, cikin sirri, don gudun la'ada. Ra'ayinmu shi ne, mai saye da mai saidawa duka sun fi samun kwanciyar rai in sunka bi ta hannun dillalin da ya san aikinshi. Amma akwai sharuɗɗa, kuma za mu faɗe su.

Fili a ƙasar nan ba kamar da ba ne. Jihar Maraɗi tana cikin inda mutane sunka fi yawa a Nijar, gandu ya rarrabu tsakanin magada har ya koma ƴan gayauni. Tun da Gazawa ta zama departema a 2011, ma'aikata sunka ƙaru, masu neman haya da na saye sunka ƙaru. Duk abin da ke bakin babbar hanyar da ta bi ta Gidan Runji, Maraɗi, Cadawa, Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa, kuɗɗinshi daban ne. A wajen Gidan Runji kuma, tun 2019 ƴan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun zo suna neman wurin zama. Abin da kakanninmu ke bayarwa da goro da fatiha, yau miliyoyi ne. To ciniki na miliyoyi ba a yin shi kamar na akuya.

Mi dillali ke kawowa? Na farko, sanin farashi. Mutum yakan saida gida sau ɗaya a rayuwarshi, galibi ma cikin matsuwa: rashin lafiya, bashi, aurar da ɗiya, ko rabon gado. Dillali kuwa kullum a cikin kasuwar yake. Ya san nawa anka saida na bayan masallaci, ya san nawa anka taya na kusa da tasha anka ƙi sallamawa. Mai gidan da ya fito da kanshi yana neman mai saye, duk garin ya san yana cikin buƙata, kowa sai ya taya mishi tayin wulaƙanci. Dillali yana rufa wannan asiri, ya kai maganar wurin mutum uku ko huɗu ba tare da an san halin da mai gida ke ciki ba.

Na biyu, kuma shi ne babba, sanin tarihin wuri. Gida yana da labari, kuma ba a rubuce yake a bango ba. Na gado ne? Magada nawa ne, kuma an raba? Akwai marayun da ba su balaga ba? An taɓa ba da shi jingina? Iyakar gabas an gama rigimarta da maƙwabci? Filin ba ya cikin burtali ko inda anka ware don makaranta? Da rani kowane fili kyakkyawa ne, sai watan Agusta ake sanin gaskiya. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2024 ta yi wa gidaje a jihar Maraɗi, ko ya san yadda Gulbin Maraɗi ke cika ta wajen Tibiri, ba zai sayi fili a watan Maris ba tare da ya tambayi ɗan gari ba. Baƙo ko da idonshi makaho ne, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da anka turo aiki bara, baƙo ne a wannan fage.

Na uku, kunya. A nan kowa ɗan uwan kowa ne. Yaya za ka dubi baffanka ko surukinka ka ce, “Baba, a nuna mini takarda”? Yaya za ka ce wa Alhajin da ya girme ka sai ya cika kuɗɗi kafin ya karɓi makulli? Dillali ba ya jin wannan nauyi, aikinshi ke nan. Zumunci da yawa ya tsira saboda akwai na uku a tsakani da ya faɗi abin da sauran biyun ba su iya faɗi.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Akwai dillalan da sunka ɓata sunan sana'ar. Mai gida ya ce miliyan 4, dillali ya je ya ce miliyan 5, ya hana su haɗuwa, ya cinye tsakani, ya dawo ya karɓi la'ada hannu biyu. Akwai cinikin da dillali ɗaya ke jawo huɗu, kowa na jiran rabonshi. Akwai mai kawo abokinshi ya yi tayin ƙarya don kuɗɗi su hau, abin da malamanmu sunka daɗe suna faɗin haramcinshi. Akwai kuma yaran da ba su da komi sai babur da WhatsApp, suna yawo da hoton gidan da ba su san mai shi ba. Amma ɓata-gari a cikin sana'a ba ya sa a bar sana'ar. Abin da ya kamata shi ne a san yadda ake gane na ƙwarai.

Dillalin ƙwarai yana da mazauni, mai gari da mai unguwa sun san shi, kuma zai iya nuna maka gidajen da ya saida da mutanen da ke ciki lafiya lau. Yana faɗin la'adarshi tun farko, gaban shaidu, a san nawa ce kuma wa zai biya. Ba ya hana mai saye ganin mai saidawa ido da ido ranar sallamawa. Ba ya riƙe kuɗɗin ciniki a aljihunshi. Kuma shi ne na farko da zai ce a tafi a yi takarda. Duk wanda ya ce maka “bari takarda, ai mu ƴan uwa ne”, ko “kawo rabi yau, wani na zuwa gobe da kuɗɗi a hannu”, ka kama gabanka.

Maganar takarda ita ce inda mutanenmu sunka fi sakaci. Dillali ba hukuma ba ne, aikinshi ya kai ka ƙofar da ta dace. In filin lotisma ne a cikin gari, akwai takardar mallaka da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa. A je can a duba lambar filin cikin rajista, a ga sunan da ke ciki shi ne na mai saidawa, sannan a juya sunan zuwa na mai saye. Wanda ya biya kuɗɗi ya bar takarda da sunan wani, bai gama saye ba. In a ƙauye ne ko gona ce, dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ita ce tushen hukumomin ƙasa da muke ce wa Kofo: ta ƙauye mai gari ke shugabantarta, akwai ta komin, akwai ta departema ƙarƙashin perfe. Suna ba da shaidar saye, ta kyauta, ta jingina da ta mallakar gargajiya. In gidan gado ne, a nemi takardar taron dangi da ta nuna magada duka, mata da maza, da wanda sunka wakilta ya saida. In kuwa gidan yana da babbar takardar mallaka, titir fonsiye, to aikin noter ne, a daure a hau mota zuwa Maraɗi. Kuma kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Mu yi lissafi. A ce gida na miliyan 5, anka shirya la'ada kashi 5 cikin 100: jika 250 ke nan. Da zafi, ba mu musu. To a auna da wanda ya rasa miliyan 5 ɗin gaba ɗaya, ko ya shekara yana zirga-zirga tsakanin fadar sarki, jandarmari da gidan shari'a, ga kuɗɗin mota, ga barin aiki, ga gaba da za a bar wa ɗiya da jikoki. Araha ba ta ado.

Ƴan uwa da ke ci-rani, ku wannan magana ta fi shafa. Kada ku aiko kuɗɗi a kan hoto kawai. Ku sa mutum biyu da ba su haɗa hanya ba, dillali da wani amintaccenku, kowa ya je ya gani da idonshi. Ku ajiye rasit ɗin aika kuɗɗi, kuma takarda ta fito da sunanku, kada a sa na ƙane ko na aboki.

Ga hukumomin komin da sarakunanmu kuma muna da roƙo. Kasuwar dabbobi tana da sarkin dillalai, in saniyar sata ta shigo an san wanda za a tambaya. Mi ya hana gida da fili, da sunka fi saniya tsada nesa, su samu irin wannan tsari? A rubuta sunayen dillalan gidaje na kowace komin, a ba su kati, a liƙa jerin a ƙofar ma'aikata, wanda ya ci amana a cire sunanshi a sanar a rediyo. Dillalan ƙwarai su ne za su fara murna, don su ma sun gaji da ɗaukar laifin wasu.

Allah ya ba kowa muhalli na halal, ya raba mu da rigimar ƙasa. Amin.