TAFIYA MABUƊIN ILIMI: Daga Malesiya Zuwa Tailan Ta Ƙasa

A wannan wata filin namu zai leƙa gabashin duniya ne, saboda yaranmu na zango da ke karatu a Malesiya, da kuma 'yan kasuwarmu masu sarin tufafi a Bankok. Da yawansu suna sha'awar su haɗa ƙasashen nan biyu a tafiya ɗaya ta jirgin ƙasa, domin ya fi jirgin sama araha, ga kuma kallon gari. To, abu ne mai yiwuwa a cikin mako guda, amma fa sai an san ta inda za a fara.

Mu nan mun saba da sauƙi. Mutum ya hau mota a Akara, ya ƙetare Aflao ya shiga Lome ba tare da biza ba, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. A can kuwa ba haka abin yake ba. Mai fasfon Gana yana bukatar biza ta Malesiya, yana kuma bukatar ta Tailan, kuma dukansu sai ya same su kafin ya bar gida, don ba za a buga masa a bakin iyaka ba. Kada a ruɗe ku da labarin Turawa 'yan yawon buɗe ido masu ratsa iyaka da jaka a baya. Fasfonsu daban, namu daban.

Babban abin lura shi ne wannan. Hukumar shige da fice ta Malesiya tana da jerin wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Gana da Najeriya da Kamaru da Nijar, waɗanda ta gindaya wa 'ya'yansu sharaɗin shiga ta filin jirgin sama kaɗai. Ke nan wanda ya sauka a Bankok, ya hau jirgin ƙasa ya nufi kudu, yana iya kwana a hanya ya isa iyaka a mayar da shi, kuɗi sun tafi, wahala ta tabbata. Don haka a juya tafiyar: a sauka a Kwala Lamfur ta sama, a fita ta ƙasa zuwa Tailan, a tashi zuwa gida daga Bankok. Tun wajen sayen tikiti sai a gaya wa mai sayarwa cewa garin sauka daban, garin tashi daban. Ɗalibin da zai koma makaranta shi ma ya tanadi tikitin jirgin sama na dawowa. A ofishin jakadanci kuma a tambayi wannan sharaɗi baki da baki, matambayi ba ya ɓata.

Sauran takardu su ne fasfo mai sauran aƙalla wata 6, da katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura. Akwai kuma takardar isowa da ake cikewa ta intanet kafin a shiga kowace ƙasa. Tailan ta fara tata ranar 1 ga Mayu, 2025.

Yanzu ga yadda za a raba kwanakin. Kwana biyu a Kwala Lamfur sun isa. Daga tashar KL Sentral a hau jirgin lantarki zuwa Butterworth, tafiyar awa huɗu da ɗoriya, a shiga jirgin ruwa a ƙetara zuwa George Town a tsibirin Finang. Tsohon gari ne da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, akwai masallacin Kapitan Keling, ga abincin halal mai sauƙin kuɗi. Bayan kwana ɗaya ko biyu a dawo Butterworth, a hau ƙaramin jirgi zuwa Padang Besar, wato bakin iyaka, ƙasa da awa biyu. Jami'an ƙasashen biyu suna cikin tashar nan guda, wannan ya buga maka fita, wancan ya buga maka shiga. A nan sai a mayar da agogo baya da awa ɗaya, domin Malesiya tana gaban Tailan. Wanda ya manta da wannan, lissafin jirgi da na salla duk za su rikice masa.

Daga nan zuwa Hat Yai bai fi awa guda ba. Gari ne mai Musulmi da yawa, ana iya kwana a huta. Jirgin Bankok yana tashi da yamma ya isa washegari, tafiyar fiye da kilomita 900. A sayi gado a aji na biyu, an haɗa kuɗin mota da na masauki ke nan, amma a saya da wuri don yakan ƙare. Tun Janairun 2023 jiragen nesa suna sauka ne a sabuwar tashar Krung Thep Aphiwat. Mai sari sai ya nufi kasuwar Pratunam.

Abubuwa uku zan ja kunne a kansu. Na farko, a guji hanyar gabas ta Sungai Kolok, don tana ratsa lardunan Narathiwat da Yala da Pattani, inda rikici ya tsananta tun 2004. Na biyu, a kauce wa watan Nuwamba, lokacin da ambaliya ta cinye Hat Yai a 2000 da 2010. Na uku, wanda ya fi kowanne, kada ka karɓi saƙon kowa ka ƙetara da shi, ko da ɗan garinku ne. Dokar Malesiya a kan miyagun ƙwayoyi tana kaiwa har ga kisa, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ya fitar da mutum.

A lura da ranar ƙarewar biza, don a Tailan tarar baht 500 ce a kan kowace rana da aka zarce. A riƙe 'yan ringit da baht na guzuri tun kafin iyaka, a ajiye kwafin fasfo a jaka daban, a kuma bar wa iyali jadawalin tafiyar.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.