Jinkirin Tema, asarar 'yan kasuwar Arewa

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da tayoyi, atamfa ko kayan babur a kasuwar Aboabo ta Tamale, ko a Paga da Bawku, ya san cewa farashin kayansa daga tashar jiragen ruwa ta Tema yake somawa, duk da nisan fiye da kilomita 600 da ke tsakani. Idan kwantena ta wuce kwanaki bakwai na kyauta da kamfanonin jiragen ruwa suka saba bayarwa, sai tarar jinkiri ta hau kanta kullum, ga kuma kuɗin ajiya, ga direban tirela zaune yana jira. A ƙarshe mai saye a Arewa ne ke biya.

Idan ba a manta ba, a watan Satumba na 2017 gwamnati ta ɓullo da tsarin fitar da kaya ta kwamfuta, a 2019 kamfanin MPS ya buɗe sabuwar tashar kwantena mai manyan injinan ɗaga kaya, sannan a 2020 kwastan suka koma tsarin ICUMS. Ko shakka babu an samu ci gaba. Sai dai a ganinmu inji ba ya sa hannu a takarda. Injin zai sauke kwantena cikin 'yan mintoci, amma idan jami'in da zai duba ta ya tashi aiki bai miƙa wa na bayansa ba, ko hukumomi ba su hallara lokaci guda wajen bincike ba, ko banki ya rufe, to kaya za su kwana. Haka nan leburan da aka hana hutu da horo, shi ne zai yi kuskuren da zai tsayar da layi.

Shirin aiki na sa'o'i 24 da Shugaba Mahama ya ƙaddamar a 2025 zai yi amfani ne kawai idan kwastan, bankuna, kamfanonin jiragen ruwa da ma'aikatan ƙofa duk suna karɓa-karɓa tare, kuma ana biyan masu aikin dare haƙƙinsu.

Mu ma 'yan kasuwa da namu. Mu tura wa ejan takardu tun kafin jirgi ya iso, mu faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwantena, mu nemi rasit na kowane sidi. Wanda aka ɗora wa kuɗin da bai gane ba, ya kai kuka ofishin Ghana Shippers' Authority da ke nan Tamale, domin sai yaro ya yi kuka ake ba shi nono.