Makaho Ya Iya Waƙa, Me Zai Hana Shi Riƙe Ofis?

Mun yarda makaho ya rera waƙa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma har yau ana nazarin Imfiraji a makarantu. Amma da zarar makaho ya nemi aikin gudanar da gidan wasan kwaikwayo, sai a fara kame-kame: wa zai karanta masa takardu?

Wayarsa da kwamfutarsa mana! TalkBack da NVDA suna karanto masa kasafin kuɗi da jadawalin gwaji da lissafin tikiti. Sauran aikin kuwa na baki ne da kunne: sasanta 'yan wasa, ciniki da makaɗa, gane cewa kalangu ya saki ko lasifika tana shaƙewa tun jama'a ba su zauna ba. Wanda ya tashi da son kiɗa, nan ne gonarsa.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Hukumomin raya al'adu, ina kasonsu? Ku da kuke tafa wa makaho a dandali, ku miƙa masa makullin ofis.